Ina so a mayar mini da Hiyas ɗaki: mai waldan unguwa, kamfanin Kano, ko ta Turai?

Mai Maganin Bisashe: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Waɗanda suka san ni sun san sana'ata, maganin dabbobi da allurar rigakafi nake kaiwa kasuwannin ƙauye. Lahadi ina Mirya, sauran kwanaki ina tsakanin Bakin Birji, Tanut, Gidigir da Gure, Alhamis kuma dole in kasance a Damagaram saboda kasuwa. Shekara tara ke nan ina kwana a rumfunan mutane, allurai kuma a cikin kula da ƙanƙara, wadda kafin azahar ta zama ruwa. Bana Allah ya hore mini mota Hiyas mai dogon baya, mai shan gazuwal. Ina so a cire kujerun baya a yi mini wurin kwanciya, firigo, wutar sola, tankin ruwa da durowoyin kaya, irin motocin nan da Turawa ke yawon duniya da su.

Hanya uku ke gabana. Wani mai walda a unguwarmu ya ce zai yi da jika ɗari takwas na sefa, ban da firigo da sola. Wani kamfani a Kano mai haɗa motocin asibiti ya yi mini lissafin da ya kai kusan miliyan uku na sefa, komai da komai. Wani ɗan uwa kuma ya ce in sayar da Hiyas ɗin in ƙara kuɗi a kawo mini haɗaɗɗiya daga Faransa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Direban Tanut: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya tsare. Kafin komai, Hiyas ɗin nan ƙafa biyu ke ja ko huɗu?

Mai Maganin Bisashe: Biyu, na baya.

Direban Tanut: To ka riƙe wannan tun yanzu. Duk kilo ɗin da aka ɗora mata, kai za ka tono shi da shebur ranar da ka sauka daga kwalta. Mai waldan unguwa ƙofa da taga ya saba yi, hannunsa bai san ƙarfe marar nauyi ba. Zai yi maka gado da ƙarfen da ake yi wa shago ƙyaure, ya ce maka har jikokinka. Gaskiya ne gadon zai kai jikoki, motar ce ba za ta kai baɗi ba.

Baba na Birni: Ni dai abin nan ya ɗaure mini kai. Yaro, garin da za ka je ba Musulmi a ciki ne? Mun yi fatauci shekara talatin, daga nan har Agadas, ba mu taɓa rasa zauren kwana ba. Ka sauka ƙofar maigari, a ba ka ruwa, a kawo maka tuwo, da safe ka san wa ke da saniya marar lafiya tun kafin kasuwa ta ci. Ka shige cikin mota ka ja ƙofa kamar Bature, wa zai san ka?

Mai Maganin Bisashe: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Ba gudun mutane nake ba. Allurar ce ba ta san zumunci ba, sanyi kawai ta sani. Kuma shekaru sun fara ja, bayana ba ya son tabarma kamar da.

Malama ta Asibiti: Baba ya yi haƙuri, a nan ina bayan Malam. Na yi shekaru ina fita rigakafin yara a ƙauyuka, na san wahalar. Galibin allurai tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su. Su yi zafi su lalace, wasu kuma in suka daskare sun lalace, alhali ido ba ya gani. Ka yi wa makiyayi allurar da ta mutu, garkensa ya kamu, sunanka ya ɓaci daga Tanut har Tesker. Don haka Malam, ni a ganina ba ɗaki kake ginawa ba. Firigo kake ginawa, sai a raɓa masa gado. Duk wanda za ka ba aikin, fara tambayarsa yadda zai riƙe maka sanyi kwana uku a watan Afrilu motar na tsaye. In ya fara yi maka zancen launin labule, ka yi masa sallama. Kuma ka sayi ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa, ka jefa a ciki.

Mai Maganin Bisashe: Malama, wallahi kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Injiniyan Sola: Tunda an zo fagena bari in zauna. Malam, ɗauko biro.

Firigon da kake buƙata shi ne mai kwamfaresa na bolt 12, wanda ake buɗewa ta sama kamar akwati, don sanyi ba ya zubewa in an buɗe. Kada a sayar maka da ƙaramar kula mai fanka da ake sokawa a wurin kunna taba, waccan ɗan rage zafin waje kawai take yi, a bazararmu ruwan ɗumi za ta ba ka. Kada kuma a ɗauko firigon gida a haɗa shi da inbata, ba a yi shi don gargada ba, kuma inbatar kanta tana cin nata rabon.

Mai kwamfaresa yana jan wajen wat 50 in yana aiki. A zafin da ya wuce 40 mu ce zai yi awa 16 yana aiki a yini da dare, wat-awa 800 ke nan. Fanka ta kwana, ƙwai biyu, cajin waya, ka ƙara 250. Ka tashi da dubu da ɗan kai kullum. Batirin ruwa ko na jel mai amfiya 100 a bolt 12 yana ɗauke da 1200 a takarda, amma rabi ake ci in ana so ya yi rai, wato 600. Ke nan biyu kake buƙata, kowanne kuma ya kusa kilo 30. Na litiyom mai amfiya 100 zai ba ka kusan dubu shi kaɗai, nauyinsa bai kai kilo 15 ba, sai dai aljihu zai ji a jikinsa. Fanon sola kada ya gaza wat 300, da na'urar daidaita cajin sola irin wadda ake kira MPPT. Abin da aka rubuta a bayan fano a digiri 25 aka auna shi, a kan rufin mota da rana tsaka ba zai ba ka haka ba, ga ƙura kuma. A ɗaga shi kamar yatsa huɗu daga rufi iska ta riƙa ratsawa.

Abu biyu da ba na sassauci a kansu. Batirin ɗaki daban, na tayar da mota daban, da na'urar da ke raba su, ta yi caji in inji na tafiya, ta yanke in an kashe. In ba haka ba wata asuba a bayan Gidigir za ka murɗa makulli ka ji shiru. Na biyu, fis a kusa da kan batiri a kowace waya, wayar kuma mai kauri. Yawancin motocin da na ga sun ci wuta, siririyar waya ce ta goga da ƙarfe.

Ɗan Sabon Gari: Injiniya, kilim fa, na'urar sanyaya ɗaki? Ni in ba kilim ai ban ga amfanin abin ba 😂

Injiniyan Sola: Ƙaramin kilim ya ci wat 700. Awa 8 na dare, 5600. Batirin litiyom biyar zuwa shida ke nan, da fanon da rufin Hiyas ba zai ɗauka ba. In kana da kuɗin, gara ka kama ɗaki a otel duk inda ka je har ka tsufa.

Ɗan Liyon: Salamu alaikum daga nesa. Yaya, batun ta Faransa nake so in yi magana, don a garejin da nake aiki muna ganinsu kullum. Kyau kam akwai kyau. Tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus yake mayar da motocin Volkswagen ɗaki, sun daɗe a harkar, komai an auna shi. Amma don ƙasarsu suka auna. Wani kaso na kuɗin motar na'urar ɗumama ɗaki ce da tukunyar ruwan zafi da tagogi masu ruɓi biyu saboda sanyi. Me za ka yi da su a Tanut? Mafi yawansu a kan Fiat Ducato aka gina su, ƙafar gaba ke ja, cikinta kusa da ƙasa, tankin ruwan datti yana rataye a ƙarƙashi. Rami ɗaya ya ishe shi. Sababbin kuma, masu ƙa'idar Euro 6, suna da matatar hayaƙi, da yawa suna shan wani ruwa da ake kira AdBlue. Gazuwal ɗin da ba shi da tsabta ya toshe matatar, kwamfutar mota ta rage maka gudu, makanikenka na tasha ya tsaya yana kallo. Hiyas kuwa ko a Belbeji ta tsaya za a samu yaron da ya san cikinta. Kada ka sayar.

Abin da ya kamata a ɗauka daga wurinsu shi ne tsaurin bincike. A nan in ka mayar da mota ɗaki, sai an duba aikin gaz da mashigar iska da nauyi, a canja kart giris, wato takardar rajistar mota, ta koma VASP, rukunin motoci na musamman, in ba haka ba ta faɗi a binciken lafiyar mota. Kuma lasin ƙaramar mota tan uku da rabi ne iyakarsa, shi ya sa suke auna ko cokali.

Mai Maganin Bisashe: To ta Turai ta fita. Dama duwan ɗinta kaɗai na tuna gabana ya faɗi. Saura biyu.

Ɗan Kwari: Ni Kano nake cewa, ba don garinmu ba ne. Masu haɗa motar asibiti sun san aluminiyam, sun san shimfiɗa ƙasa da leda mai wankuwa, sun san ɗaure kabad yadda ba zai taso wa direba ba in an taka birki. Suna da injin lanƙwasa ƙarfe, ba guduma da ido ba. Kuma kayan duk suna nan kusa da su, filawud, fano, waya, ba sai an yi sautu ba. Araha ba ta ado, Malam. Nan da Kano kilomita nawa ne, bai fi 240 ba.

Kafinta na Zango: Filawud wai. Kontirfilake dai, a Damagaram kake 😄

Direban Tanut: Kilomita 240 da iyaka a tsakani, ɗan uwa. Ka manta 2023? Maƙwabcina ya kai motarsa fenti can ana saura kwanaki a rufe iyaka. Ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ya dawo da ita daga baya ta hanyar da ba zan faɗa a zaure ba, bayan ya kashe abin da ya fi kuɗin fentin. Kafin nan ma an rufe a 2019 fiye da shekara. Garantin da sai ka ƙetare iyaka da takardar shigar da mota kafin ka ci moriyarsa, ni ban ɗauke shi garanti ba.

Ɗan Kwari: Wannan ƙaddara ce, ba kullum ake rufewa ba.

Direban Tanut: Ƙusa kuwa kullum take kwancewa.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar ni in ba ku nawa, don ni na sha. Ba ɗaki na yi ba, shago na sa aka yi mini a cikin mota don kai kaya ƙauye. Na ba wani mai gareji, ba zan faɗi suna ko gari ba, ya nuna mini hotuna a waya masu kyau kamar gidan amarya. Na ba shi kashi bakwai cikin goma a hannu, ba takarda, don an ce mini mutumin kirki ne. Sati uku ya ce. Wata biyar motata tana can, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da na matsa, ashe kuɗina ya gama aikin wani da su, yana jiran na wani ya yi nawa. Hotunan ma daga baya ɗana ya gano daga intanet ya kwaso su. Da aka gama kuma, ya yanke ƙarfen da ke riƙe rufi don ya faɗaɗa taga, damina na zuwa ruwa ya riƙa sauka kan atamfa.

Don haka Malam, ko na unguwa ko na Kano, kada ka kalli hoto. Ka ce ya haɗa ka da mutum biyu da ya yi wa aiki, motar da ta yi shekara tana bin hanya, ka je ka buɗe durowa ka rufe, ka leƙa ƙarƙashi, ka tambayi mai ita shi kaɗai ba a gaban mai aikin ba. A rubuta komai: kaurin ƙarfe, irin katako, sunan batiri, ranar gamawa, da shaidu biyu. Kuɗi kashi uku, na ƙarshe sai ka yi tafiya ɗaya ka dawo. Manyan kaya irin firigo da batiri ka saya da hannunka ka riƙe rasit.

Malama ta Asibiti: Hajiya sannu, wannan kam an cuce ki.

Hajiya Mai Atamfa: Na bar shi da Allah, amma ban fasa ba da labari ba.

Kafinta na Zango: To bari in kare mutanen gida kaɗan, don an yi mana taron dangi. Matsalar ba hannu ba ce, ba a ba mu zane ne. Mutum ya zo ya ce yi mini gado a mota, ya tafi, to me za a yi masa in ban da gadon da aka sani? In aka zauna aka auna, aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. Kontirfilake mai kaurin milimita 12 ya isa jikin kabad, 15 a inda za a kwanta, a huda shi iska ta shiga ƙarƙashin katifa. Katakon garin nan da ake matsewa, wanda ake kayan ɗakin amare da shi, kada ya shiga motarka, ga nauyi, ga shi ruwa na taɓa shi ya kumbura, gargada kuma ta zare masa ƙusa. A ɗaure da noti da wasa a jikin ramukan da kujeru suka bari, ba a yi ta huda mota ba. Kowace durowa da sakata. Kuma Malam, kafin a yanka ko falle ɗaya, ka samo kwalaye ka jera su a cikin motar yadda kake so, ka kwana biyu a ciki a ƙofar gidanka. Za ka gane da kanka inda gwiwa ke bugewa.

Ɗan Sabon Gari: Ya kwana a mota a ƙofar gida, unguwa ta ce uwargida ta kore shi 😂😂

Mai Maganin Bisashe: Ai ita ce ma ta fara cewa a sa gado mai cin mutum ɗaya tak, kada a faɗaɗa.

Direban Tanut: Hajiyar gida ta fi mu duka lissafi. Batun zafi kuma, ku tuna tsofaffin Land Rover masu rufi biyu, na sama ya tare rana, iska ta bi tsakani. Fanon Injiniya zai yi rabin wannan aikin, sauran a shafa farin fenti. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, bido biyu na lita 25 a ƙasa tsakanin tayoyi sun fi tanki a kan rufi, wanda zai riƙa rinjayar mota a kwana. Bido kuma ka sauke shi ka kai rijiya. Tanki fa?

Injiniyan Sola: Ƙari a kan zafi: abin da ake cusawa a bango yana jinkirta shigar zafi ne, kuma in ya shiga ya hana shi fita. Ba tare da mafitar iska a rufi da fanka mai zuƙowa waje ba, tanda ka gina. Taga biyu masu fuskantar juna, da ragar sauro saboda damina, da marfin da zai rufe ruf in ana tafiya, in ba haka ba hunturu zai cika maka gado da ƙura. Bayan firigo ma a bar masa wurin numfashi.

Malama ta Asibiti: Gaz fa, kada a manta. Ni da za a bi tawa, kada a girka murhu a ciki sam. Ƙaramar tukunya mai kilo 6 a ɗaure ta a akwatinta kusa da ƙofar baya, a huda ƙasan akwatin, don gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya in ya tsiyaya. Girki a waje ƙarƙashin rumfar tampol. Kuma don Allah, daren sanyi kada a shiga da gawayin shayi a rufe ƙofa. Hayaƙinsa marar wari ne, barci kawai mutum zai ji. An sha kawo mana irinsu, wasu ba su tashi ba.

Baba na Birni: Kun gani? Girki a waje, shayi a waje, bazara ta zo ya shimfiɗa tabarma a waje. Ashe dai maganata ce kuke zagayawa.

Mai kula da zaure: Baba ya ci wannan zagayen. Abu ɗaya ba a taɓo ba: takardu. Kart giris ɗinka ta faɗi yawan kujeru da nauyin da aka yarda motar ta ɗauka, asirans ma a kan haka aka yanka. Kafin ka kwance kujera ko ɗaya, je ofishin sufuri da wurin masu asirans ka faɗa musu abin da za ka yi, su gaya maka abin da za a gyara. Ya fi ka tsaya yi wa jandarma bayani a shinge da rana tsaka, allurai na jira.

Ɗan Kwari: Ni har yanzu ina nan kan bakana, gamawar Kano daban ce. Amma in ya ƙi, aƙalla ya sayo firigon da aluminiyam ɗin can.

Mai Maganin Bisashe: Jama'a na dawo, ku gafarce ni da shirun sati biyu. Na je na ga mota biyu da mai waldan unguwarmu ya yi wa aiki. Waldarsa ba ta da laifi, amma kamar yadda Direba ya faɗa, ɗaya mai ita ya canja sifirin baya sau biyu. Na kira na Kano na tambaye su yadda za su riƙe sanyi kwana uku, suka amsa da kyau, sai dai batirin da suka rubuta ɗaya ne na jel, da na yi lissafin Injiniya na ga ba zai kai asuba ta biyu ba. Da na ce a canja, kuɗin ya haura.

Ga inda na tsaya. Aikin zai zauna a Damagaram, a raba shi uku. Kafinta na Zango zai yi katako, mai walda zai yi mazaunin fano da na rumfa kawai, da ƙaramin ƙarfe, Injiniya ya ja wuta. Firigo da batirin litiyom Ɗan Kwari zai rako ni mu sayo. Kwanon wanka da teburin cin abinci da na gani a hoto na soke su. Takarda Hajiya ta turo mini irin wadda take yi yanzu, limaminmu da ƙanena za su sa hannu. Kwalayen ma na jera na kwana, kuma gaskiya ne, inda na so a sa firigo nan ƙofar gefe ke buɗewa, rana za ta riƙa dukansa. Ya koma bayan kujerar direba.

Abin da ya rage mini: mafitar iskar rufi. Mai walda ya ce a yanka da abin yankan ƙarfe a toshe gefen da silikon ɗin gilashi. Gabana bai kwanta ba, na tuna atamfar Hajiya.

Ɗan Liyon: Kada a sa na gilashi, rana za ta ɓanɓare shi. A yanka tsakanin ƙarafan rufi ba a kansu ba, a shafa wa bakin yankan maganin tsatsa, a liƙe da gam ɗin jikin mota irin Sikaflex. In babu a kasuwar Dole ka faɗa mini, akwai mai tahowa Yamai ƙarshen wata.

Direban Tanut: Kuma kafin a ɗaura komai a kai ta sikelin manyan motoci a auna ta wayam, a sake aunawa in an gama. Ina nan Alhamis bayan la'asar, ka zo mu je tare, na san mai sikelin.

Baba na Birni: In an gama a kawo ta Birni in gani. Ka bar mini wurin buta kusa da ƙofa.